Wayar da Babu Komai a Cikinta

Ranar Lahadi ce, bayan an ci abincin dare an kwashe kwanuka, ya fara jin ƙarar. Wani abu ne tsakanin kukan sauro da nishin babbar motar da aka bari a kunne can ƙarshen layi. Zuuuu, ba hawa ba sauka, kamar wani ya ja numfashi ya manta yadda ake sauke shi.

Injiniya ya ajiye kofin shayinsa. Shi dai ba injiniya ba ne, aji huɗu ya yi ya bar makaranta, amma shekara arba'in da ɗaya ya yi yana ja wa gidajen mutane wayar lantarki, kuma tun gashinsa yana baƙi sunan ya bi shi. Mutum irin wannan ba ya jin ƙara a gidansa ya ƙyale. Ya shiga kicin ya kara kunne a jikin firiji. Ba shi ba ne. Ya kashe fanka, ƙarar tana nan. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin kujera, har ya tsinci wani maɓallin riga da ya ɓata tun bara.

"Me kake nema, Malam?" in ji Inna, matarsa.

"Ba ki ji ba?"

"Na'am?"

"Ƙarar nan! Ba ki ji ba?"

"Wace ƙara? Ka zauna don Allah, kana tare min hoto."

Kunnen Inna na hagu ya mutu shekara shida da suka wuce bayan wani zazzaɓi, na daman kuma sai ya ga dama yake aiki. Saboda ita ma aka kawo abin da ke ƙarar. Auta, 'yarsu ta ƙarshe, tana aiki a wani gidan talabijin a gari mai nisa, shekara uku tana rubuta labarai wasu suna karantawa. Ranar Alhamis mai zuwa da ƙarfe bakwai na yamma za a ba ta ta karanta da kanta a karon farko. Shi ne ta aiko da sifika, doguwa baƙa, a ajiye ta kusa da kunnen daman uwarta. Inna ta riga ta faɗa: ba ta so kowa ya maimaita mata abin da 'yarta ta ce. Da kunnenta za ta ji.

Talabijin yana kan tebur a bango ɗaya, kujerar Inna tana ɗaya bangon, gindin taga, tsakaninsu kuma ga ƙofar falo. Wayar da ta zo a cikin kwalin, mai kai ja da fari, ba ta kai ba. Don haka tun da rana Injiniya ya datse ta a tsakiya, ya ƙara mata da ragowar wata waya da ya ajiye tun wani tsohon aiki, ya murɗe tagullar, ya naɗe da baƙin tef. Haɗi ya yi kyau, ko likita bai ɗaure rauni haka ba. Sai ga shi da ya matso kusa da kujerar Inna, daga cikin sifikar ƙarar take fitowa.

Ya ƙara murya don Inna ta ji, zuuuu ɗin ma ya ƙaru, ya haɗiye maganar.

"Mutumin nan daga cikin rijiya yake magana?" in ji Inna.

Da safe ya kira Auta ya kara mata wayar salula a jikin sifikar ta ji da kanta.

"Baba, haɗin nan naka ne ke jawo ƙarar. Cire shi. Ka je ka sayo wayar haske."

"Wayar me?"

"Ta haske. Duba bayan talabijin, akwai wani ɗan rami mai kusurwa huɗu, yana fitar da jan haske. Akwai irinsa a jikin sifikar. Ita wannan wayar ba ta ɗaukar wuta, don haka ba ta ɗauko ƙara."

"Ke Auta, tun kafin a haife ki nake jan waya. Ƙwan lantarki ke ba da haske. Waya wuta take ɗauka."

"Baba, don Allah. Alhamis fa."

Ya ja tebur ɗin ya leƙa, don ya samu abin da zai ƙaryata ta da shi. Sai ga shi kuwa. Wani ɗan ja, kamar idon ɓera a lungu. Shekara biyar talabijin ɗin nan yana gidan, ashe duk tsawon lokacin hasken nan yana kunne yana kallon bango, ba wanda ya san da zamansa. Injiniya ya ɗora yatsa a kai, ba zafi. Ya ɗauko testarsa ta gwada wuta ya zura, ba ta kama ba. Abu ne yana raye amma ba ya cizo. Wannan ya ɓata masa rai, ya kuma hana shi tashi daga wurin har gwiwarsa ta sage.

Shagon da aka kwatanta masa yana wani layi da ba a sayar da komai sai kayan sauti, kowane shago da kiɗan da yake saki, ba mai jin na wani. Ciki ƙunci, wayoyi suna reto daga rufi sai mutum ya sunkuya. Mai shagon wata mata ce mai tabarau, tana cikin liƙa takarda a jikin kwalaye. Ya faɗi abin da yake so kamar wanda aka aiko sayen abin kunya.

Ta shimfiɗa masa iri uku a kan kanta. Ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya yana aunawa a tafin hannu, yadda ya saba, domin a saninsa nauyin waya shi ne gaskiyarta. Biyu ba su da nauyin komai. Ta ukun kauri gare ta kamar ɗan yatsa, an saƙa mata riga, kawunanta kuma ruwan zinariya.

"Wannan," ya ce.

"Mita nawa kake buƙata, Baba?"

"Tara. Ta bi bango, ta hau saman ƙofa, ta sauko."

"To wannan biyar ce. Ɗauki siririyar nan, mita goma ce cif."

"Wannan igiyar takalmin?"

"Aikinsu ɗaya. Zinariyar nan ado ce kawai, haske ba ruwansa da ita. Ka dai tabbata kan ya shiga ramin ya ce ƙas, tsawon kuma ya isa. Shi ke nan zaɓin."

"Ba ni mai kaurin guda biyu."

Ta sauke tabaraunta ta dube shi. "Ba a haɗa su fa. Sai da wani ɗan mahaɗi, shi kuwa ya ƙare mana."

"'Yar nan," in ji Injiniya, "ni ne mahaɗin."

Ranar Talata da hantsi ya baje kayan aiki a tsakar falo. Tela, maƙwabcinsu na ƙofar da ke kallon tasu, ya jiyo motsi ya shigo da tef ɗin awo rataye a wuya. Shekara ashirin suna bene ɗaya, kuma Tela bai taɓa barin wani aiki ya wuce a gidan nan bai sa baki ba.

Injiniya ya sa filaya ya datse kai ɗaya daga kowace waya. Ya fere rigar saƙar. Ƙarƙashinta roba. Ya fere robar, sai wata robar. Ya fere wannan ma a hankali, yana jiran jan tagulla ya bayyana. Abin da ya fito wani zare ne guda ɗaya tak, garau kamar ruwa, irin wanda ake kamun kifi da shi.

Suka tsaya suna kallonsa.

"Ina wayar?" in ji Tela.

"Ita ke nan."

"A'a, wannan ai rigar ce. Ina ta cikin?"

"Na ce maka ita ke nan!"

"Kai, Injiniya, an gama da kai. An sayar maka da waya babu waya. Ni ko aljihun wando ban taɓa ɗinka wa mutum wofi haka ba."

Ya gwada murɗe zarurrukan biyu, suka warware suka miƙe abinsu. Ya kunna ƙarfen dalma ya kusanto da shi, bakin zaren ya narke ya dunƙule, falo ya cika da warin ƙonanniyar roba. Inna, wadda hancinta ya karɓi aikin da kunnenta ya ajiye, ta leƙo daga kicin tana tambayar me ya kama wuta. Ya sake datsewa, ya haɗa baki da baki ya naɗe da tef. Aka kunna. Ƙarar zuuuu ta tafi kam, amma ta tafi da komai.

"Kawo in ɗinke maka," in ji Tela. "Da ƙaramar allura."

"Ba ka da aiki a shago ne yau?"

Bayan Tela ya fita, ya warware tef ɗin da niyyar ya jefa komai a shara. Sai ya ga bakin zaren da ke jone da talabijin yana ci, ɗigon ja ɗaya a kan tsini. Ya karkata wayar hagu, hasken ya bi ta. Ya zagaya da ita bayan kujera, hasken ya zagayo. Shi a iya saninsa haske ba ya shan kwana, ko tocila ka haska miƙewa take yi, amma ga wannan yana bin hanya kamar akuyar da ta san gida. Ya haska tafin hannunsa. Wato muryar mutumin da ke magana a talabijin yanzu haka tana cikin ɗigon nan, tana zuba a fatarsa, shi kuwa ba ya jin komai. Ya kai shi kusa da kunne. Ya tuna kunnen Inna, ya yi tunanin da ana iya zura mata shi kai tsaye.

"Malam," in ji Inna daga bakin ƙofa, "yau Talata."

Ranar Laraba ya koma shagon. Mai shagon tana ganin fuskarsa ta ce, "Ka yanka."

"Na duba cikinta ne."

"Ka samu abin da kake nema?"

Ya nuna siririyar da haɓa. Tana sa ta a leda tana yi masa bayani: ya cire 'yan hulunan robar da ke bakin kafin ya soka, kada ya matse ta, kada ya lanƙwasa ta sosai, in zai sha kwana da ita ya bar ta ta yi baka kamar bakin faranti. Ya ce to, to. Maganar hular ta shiga, domin abin ya ba shi dariya, waya da hula. Sauran kuwa ta wuce ta saman kansa, hankalinsa yana can wurin akuyar da ta san gida.

Da ya dawo ya shimfiɗa ta a ƙasa don gwaji kawai. Ya cire huluna, ya soka nan ta ce ƙas, ya soka can ta ce ƙas. Murya ta fito tas, ba sauro ba babbar mota.

Inna ta ajiye tsintsiya. Ta zauna a kujerarta a hankali, ta karkata kai dama.

"Ikon Allah," ta ce. "Ashe mutumin nan siririyar murya gare shi? Da wannan uban tumbin?" Shekara shida tana kallon mai karanta hasashen yanayi, ta ba shi wata murya a ranta, yau ta ji ba ita ba ce. Ta yi dariya har da hawaye. "Shi ke nan, Malam. Bar ta haka."

"A ƙasa?"

"Bar ta haka na ce."

"Gwaji ne wannan. Ba a gama ba."

Ai kuwa ranar bai iya zama a falon ba. Duk inda ya juya sai idonsa ya faɗa kan baƙar wayar nan kwance a kan tayil, ta yi wani murɗe-murɗe kamar an zubar da ita. A shekara arba'in da ɗaya bai taɓa barin waya a ƙasa ya ce ya gama aiki ba. Ya kori masu koyo uku a kan abin da bai kai wannan ba. Wayarsa a bango take tafiya, ƙusa a kowane taƙi, kusurwa kuwa kamar ta littafi. Akwai gidajen da ya yi wa aiki da har yau in ya wuce yake leƙawa ta taga don ya ga layinsa.

Ranar Alhamis da safe Inna ta tafi asibiti karɓo maganin hawan jininta. Tana sauka daga bene ya fito da tsani. Ya ja layi da fensir. Ya cika baki da ƙananan ƙusoshi masu kunnen roba, yana zaro su ɗaya ɗaya yana bugawa, kowace ta kama wayar tsam. A kowace kwana siririyar takan so ta yi baka, shi kuwa sai ya sa filaya ya danne ta har ta yi kusurwa sosai. A ta uku ya ji wani ɗan ƙas a cikin hannunsa, ya ɗauka ƙashin yatsansa ne. Kusurwa takwas ya yi. Ragowar mita ɗayan ya naɗe ta ƙanƙance ya ɗaure a bayan sifika.

Tela ya shigo daidai lokacin da yake saukowa, ya ja da baya ya riƙe ƙugu.

"Kai! Ka ga aiki. Kamar an ja da rula. Wallahi Injiniya, hannun nan bai tsufa ba."

"Sai ka zo ƙarfe bakwai."

"Da ni za a fara," in ji Tela, ya wuce shagonsa.

Sai da ya share ƙurar bango, ya mayar da tsani, ya wanke hannu, Inna ta dawo wajen ƙarfe uku, sannan ya ɗauki rimot da fuskar mai shirin karɓar yabo. Hoto ya fito. Wata mata tana ta motsa baki. Ya ƙara murya har ƙarshe. Ya kashe ya kunna. Ya zare kan wayar daga sifika ya kalli bakinta a cikin tafin hannu, ya rufe da ɗaya hannun don ya yi duhu. Babu ja. Ko alamarsa. Hasken ya taso daga talabijin, ya mutu a wata kusurwa cikin takwas ɗin nan, bai ma san wacce ba.

Inna ba ta ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi. Ta bi wayar da ido tun daga tebur, ta hau saman ƙofa, ta sauko gindin taga.

"Ta yi kyau," ta ce.

"Wani ɗan abu ne kawai, yanzu zan..."

"Jiya na ji. Da kunnena na ji, na ce ka bar ta." Ta ajiye ledar maganin a kan cinya. "Malam, bangon ne zai saurari Auta ko ni?"

Bai tsaya neman hula ba. Motar haya ta farko ta cika, ta biyu ta tsaya shan mai, ta uku ta shiga cunkoso a gada ta kashe inji. Ya sauka ya ƙarasa da ƙafa, yana tafe yana faɗa da mai shagon a ransa, da wanda ya ƙera wayar, da duk wanda ya fara tunanin a tura magana ta cikin zaren kamun kifi. Waya ce da ba a haɗa ta, ba a murɗa ta, ba a buga mata ƙusa, ba ta shan kwana. To me aka bar wa mai aiki ya yi? Ƙarfe biyar da rabi ya isa, ta riga ta fara shigar da kwalayen waje.

"Baba," ta ce. Ba ta ma tambaya ba.

"Mita goma."

"Waccan ce ta ƙarshe. Ka matse ta, ko?"

"Na gyara mata zama ne."

"Kusurwa nawa?"

Ya kalli gefe. "Takwas."

Ta cire tabarau ta goge ido da bayan hannu, kafaɗunta suna rawa. Sannan ta tona ƙasan wani kwali ta zaro ɗaya. "Mita uku. Ita kaɗai ta rage sai masu mita ɗaya. Daga talabijin zuwa sifika, in an miƙe, nawa ne?"

Ya san awon falonsa kamar sunansa. "Uku da taƙi biyu."

"To sai ka ja teburin gaba."

"Ta tsakiyar ɗaki? A sama? Mutane suna gani?"

"Baba, ka soka nan, ka soka can, ka sa hannuwanka a aljihu. Ko in ba ka aron igiya a ɗaure maka su?"

Bakwai saura minti goma ya hau bene yana haki. Ya ja teburin talabijin daga bango har ya karkace. Ya cire huluna, ƙas, ƙas. Wayar ta ratsa tsakiyar falo a daidai gwiwa, ta yi ciki a tsakiya, nauyinta yana neman zare kan daga rami. Inna da kanta ta kifa bokitin wanki a ƙarƙashinta, ta ɗora matashi a kai ya tallafe ta. Murya ta cika ɗakin.

Hannunsa ya tafi da kansa wajen bokitin, don ko ba komai a daidaita shi da layin tayil.

"Taɓa ka gani," in ji Inna, ba tare da ta kalle shi ba.

Ya zauna a kan hannuwansa.

Aka yi kiɗan buɗe labarai. Sai ga Auta, cikin wata riga mai ruwan toka da ba su san ta da ita ba, ta haɗa hannuwa a kan tebur. Ta ɗan yi jim kafin ta gai da masu kallo.

Inna ta damƙi hannun kujera. "Ka ji? Ta haɗiyi yawu. Ka ji shi? Tun tana ƙarama haka take yi in ta tsorata." Ta ƙara matsar da kunnen daman jikin sifika, leɓɓanta suna bin kowace kalma a baya kaɗan. Labarin wani taro ne a kan gyaran magudanun ruwa, amma Inna tana gyaɗa kai kamar ba a taɓa faɗar magana mai daɗinsa ba.

Injiniya yana kallon 'yarsa, yana kuma satar kallon wayar. A cikin wannan baƙin zaren da ke kwance a kan bokiti muryar Auta take gudu, ja, har da yawun da ta haɗiya. Can sama kuma ga tasa wayar, miƙe sambal da kusurwoyinta takwas, ba ta ɗauke da komai.

Bakwai da minti biyar aka turo ƙofa. Tela ya shigo da sauri, saura kaɗan ya yi tuntuɓe, ya ɗaga ƙafa ya tsallake da ƙyar. Ya dubi bokiti da matashi, ya dubi teburin da ya karkace, ya ɗaga kai ya dubi bango.

"A'a! Injiniya, ga aikinka can tsaf a bango. To wannan kuma wane ɗan koyo ne ya shigo ya yi muku?"

A talabijin Auta ta juya takarda ta shiga labari na biyu.